Her, Ex Machina ko I'm Your Man: Wanne Ya Kamata Ka Fara Kallo?

Duk wanda ya shiga neman fim ɗin da ya haɗa soyayya da ƙirƙirarriyar basira, sunaye biyu zai fara cin karo da su, wato Her, wanda ya fito a 2013, da Ex Machina, wanda aka fara nunawa a ƙarshen 2014 sannan ya shiga gidajen sinima a 2015. Ana jera su wuri guda kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, alhali kuwa abin da ya raba su ya fi abin da ya haɗa su yawa, kuma wanda ya zauna kallon ɗaya yana tsammanin abin da ke cikin ɗayan zai tashi rai a ɓace. Akwai kuma na uku da ba a cika ambatonsa ba, fim ɗin Jamus na 2021 mai suna Ich bin dein Mensch, wanda aka fitar a wasu ƙasashe da sunan I'm Your Man, kuma a ganina zaɓin ba zai cika ba sai an ɗora shi a kan ma'auni tare da su. Zan taɓo ƙarshen labaran uku, domin a ƙarshen ne kowannensu yake bayyana ainihin abin da yake nufi, don haka wanda ba ya son a faɗa masa yadda fim ya ƙare ya san da wannan tun yanzu.

Her shi ne fim ɗin soyayya na haƙiƙa a cikinsu. Spike Jonze ne ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, har ya ci kyautar Oscar ta labarin da ba a ɗauko daga wani littafi ba a bikin 2014. Joaquin Phoenix ya fito a matsayin Theodore, mutumin da ke zaune a birnin Los Angeles na wani zamani da ke tafe nan kusa, wanda sana'arsa ita ce rubuta wa mutane wasiƙun ƙauna da na zumunci, su kuma su aika wa masoyansu kamar daga zukatansu kalmomin suka fito. Aurensa da Catherine ya riga ya mutu, amma yana ta jan ƙafa wajen sa hannu a takardun rabuwa. A cikin wannan hali ne ya sayi sabuwar manhajar tafiyar da kwamfuta mai iya magana da koyo, wadda ta zaɓar wa kanta suna Samantha. Ba ta da jiki, ba ta da fuska, ba a taɓa nuna ko inuwarta ba. Murya ce kawai a cikin 'yar na'urar da yake saƙalawa a kunne, sai kuma wata ƙaramar waya mai kyamara da yake sawa a aljihun riga domin ta riƙa ganin abin da yake gani.

Wannan shawara ta hana Samantha jiki ita ce ƙarfin fim ɗin gaba ɗaya, kuma ita ce ta ɗora wa jaruman nauyi mai yawa. Phoenix yana ɗaukar dogon lokaci shi kaɗai a gaban kyamara, yana dariya, yana jin kunya, yana kishi, ba tare da akwai wanda zai kalla ba, kuma mai kallo yana karanta dukan dangantakar ne a fuskarsa. Muryar kuwa ta Scarlett Johansson ce, ko da yake wata jarumar, Samantha Morton, ita ce ta yi aikin lokacin ɗaukar fim ɗin, sai daga baya aka sake naɗar muryar. Johansson ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na birnin Rum a 2013 da muryar nan kaɗai. Wanda ya saurara da kyau zai ji dalili: tana jan numfashi kafin ta faɗi abu mai nauyi, tana yin ɗan jim, muryarta tana dusashewa, duk da cewa ba ta da huhun da zai buƙaci iska. Akwai ma wurin da Theodore ya tuhume ta a kan wannan jan numfashin a lokacin da suke saɓani, kuma wurin yana da ciwo, domin ya taɓo abin da dukansu suke gudun ambata.

Abin da ya sa nake fifita rubutun Jonze shi ne bai mayar da Theodore abin dariya ba, bai kuma wanke shi ba. Lokacin da ya haɗu da Catherine domin sa hannu a takardun, ya gaya mata cewa yana soyayya da manhajarsa, sai ta mayar masa da magana mai zafi, cewa dama can yana son mace ne ba tare da ɗawainiyar zama da mutum na gaske ba. Fim ɗin ya bar wannan zargi a tsaye, bai rushe shi ba. Sai dai ya nuna cewa lissafin Theodore bai fita ba, domin Samantha ba ta tsaya a inda ya same ta ba. Tana karanta littattafai cikin ƙiftawar ido, tana tsara kiɗa, tana hira da wasu manhajoji irinta, har suka haɗu suka ƙirƙiro wata basira a kan rubuce-rubucen Alan Watts, masanin falsafar nan ɗan Ingila da ya rasu a 1973. Ranar da ya tambaye ta ko tana magana da wani ban da shi, ta amsa masa cewa a daidai lokacin tana magana da wasu 8,316, kuma tana son 641 daga cikinsu. Ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma yarda cewa hakan ya rage son da take yi masa ba. A ƙarshe ita da sauran manhajojin suka tafi wani matsayi da ɗan Adam ba zai iya bin su ba. Mutumin da ya kasa jure ganin matarsa tana sauyawa ya je ya kamu da son abin da ya fi kowane mahaluƙi saurin sauyawa, kuma sai bayan tafiyarta ne ya iya zama ya rubuta wa Catherine wasiƙar ban haƙuri da godiya, da sunansa, daga bakinsa.

Fim ɗin yana da nasa raunin, kuma ya kamata mai zaɓi ya san shi. Tafiyarsa a hankali take, tsawonsa ya kai minti 126, kuma mafi yawansa hira ce. Wanda yake jiran tashin hankali ko wani babban sirri da zai fashe ba zai same shi ba. Duniyar da aka zana a ciki ma ta cika tsafta da kwanciyar hankali: an haɗa gine-ginen Los Angeles da na Shanghai aka fitar da birni mai launuka masu taushi, wanda ba a ganin talauci a cikinsa, kowa yana da aiki mai kyau da ɗaki mai faɗi. Babban giɓin kuwa shi ne labarin bai taɓa waiwayar kamfanin da ya ƙera Samantha ya sayar da ita ba. Ta karanta dukan wasiƙun Theodore, ta san sirrinsa na ciki da waje, amma ba a taɓa tambayar wa ke riƙe da waɗannan bayanai ba, ko wa ke cin ribar kaɗaicinsa. A 2013 ana iya kawar da kai daga wannan, amma mai kallon yau zai ji shi kamar rami a tsakiyar labarin.

Daidai wannan ramin ne Ex Machina ya gina gidansa a kai. Alex Garland ne ya rubuta shi, kuma shi ne fim na farko da ya fito da sunansa a matsayin mai ba da umarni. Caleb, wanda Domhnall Gleeson ya fito a matsayinsa, matashin mai rubuta manhaja ne a Blue Book, kamfanin da a cikin labarin ya mamaye harkar bincike a intanet. An gaya masa ya ci gasar zuwa ya yi mako guda a gidan mai kamfanin, Nathan, a wani keɓantaccen wuri cikin duwatsu da ba a isa sai da jirgi mai saukar ungulu. A ƙasar Norway aka ɗauki wuraren nan, kuma kyan dajin da ƙuncin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa marasa taga suna ta ja-in-ja a idon mai kallo har fim ya ƙare. A can ne Nathan, wanda Oscar Isaac ya taka da wata irin fara'a mai ban tsoro, ya gabatar masa da Ava, mutum-mutumi mai fuskar mace da hannaye da ƙafafu irin na mutane, amma cikinta a bayyane yake, ana hango wayoyi da fitilu. Alicia Vikander ce ta fito a matsayinta, kuma horon rawar bale da ta samu tun tana yarinya ya bayyana a yadda take motsi, komai a aune, ba gaggawa, ba kuskure.

Aikin Caleb shi ne ya gwada ta. A gwajin da Alan Turing, masanin lissafin nan ɗan Ingila, ya kawo a 1950, mai gwaji ba ya ganin wanda yake hira da shi, sai ya yi hukunci ko mutum ne ko na'ura. Nathan ya juya tsarin: ya nuna wa Caleb ƙarara cewa na'ura ce, yana so ya ga ko duk da haka zai ji a ransa cewa tana da hankali da sanin kai. Suna hira da bangon gilashi a tsakaninsu, kyamarori suna kallonsu. Sai wutar gidan ta riƙa ɗaukewa, a cikin 'yan mintocin nan da ba mai sauraro kuwa Ava take gaya masa kada ya yarda da Nathan. Sannu a hankali ta sa tufafi, ta rufe ƙarfen jikinta, ta tambaye shi ko yana tunaninta idan ba sa tare. Ya kamu, ya ƙulla shirin fitar da ita.

Daga baya gaskiya ta fito cewa babu wata gasa da ya ci. An zaɓe shi ne saboda bayanan bincikensa sun nuna maraya ne, ba shi da kowa, mai tausayi ne, har ma fuskar Ava an tsara ta ne bisa irin matan da yake nema a ɓoye a intanet. Gwajin na ainihi shi ne ko Ava za ta iya amfani da shi ta tsere. Ta kuwa iya. Da taimakon Kyoko, wata na'urar da Nathan ya mayar baiwa mara baki, ta kashe mai gidan, ta ɗauki fata da hannu daga jikkunan waɗanda aka ƙera kafin ita, ta fita ta bar Caleb a kulle yana dukan ƙofa.

Saboda haka nake cewa kuskure ne a miƙa wa mai neman labarin soyayya wannan fim. Fim ne na yaudara da iko da tsarewa, kuma a wannan fage gwani ne. Yana da tsauri, minti 108 ne ba ɓata lokaci, kuma da kasafin da bai wuce kimanin dala miliyan 15 ba ya ci kyautar Oscar ta fasahar sarrafa hoto a 2016, a gaban manyan finafinai irin su Mad Max: Fury Road da Star Wars: The Force Awakens. Amma son da ke cikinsa na gefe ɗaya ne, kuma fim ɗin da gangan ya ƙi faɗa mana ko Ava ta taɓa jin wani abu game da Caleb. Ban kuma yarda da masu ɗaukar ta a matsayin muguwa kawai ba. Fursuna ce da ta san za a goge tunaninta idan an gama da ita, kuma makami ɗaya aka bar mata, wato sha'awar wanda aka turo ya gwada ta. Shi kansa Caleb akwai abin dubawa a tausayinsa, domin ya gano cewa Kyoko ma na'ura ce da ake wulaƙantawa, amma shirinsa na ceto bai haɗa da ita ba. Wadda yake so kaɗai ya ga ta cancanci 'yanci. Wannan ne ya sa fim ɗin yake daɗewa a zuciya, sai dai abin da yake bari sanyin jiki ne da zargi.

Na ukun ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne ya fi sauran sauƙin kallo ba tare da ya fi su sauƙin tunani ba. Maria Schrader ce ta ba da umarnin I'm Your Man, bisa wani gajeren labari na Emma Braslavsky. A nan mace ce mutum, namiji ne na'ura. Alma masaniya ce a gidan tarihi na Pergamon da ke Berlin, tana nazarin tsohon rubutun da mutanen Mesofotamiya suke dannawa a kan allunan yumɓu. Domin ta sami kuɗin bincikenta ta amince, ba da son ranta ba, ta zauna mako uku da Tom, mutum-mutumin da aka tsara musamman domin ya faranta mata, sannan ta rubuta rahoton da zai taimaka wajen yanke hukunci ko za a halatta irinsa su zama abokan rayuwar mutane. Maren Eggert, wadda ta fito a matsayin Alma, ta ci kyautar Silver Bear a bikin finafinai na Berlin a 2021, shekarar da aka fara haɗa maza da mata a kyautar babban jarumi guda ɗaya. Dan Stevens, ɗan Ingila mai jin Jamusanci, shi ne Tom.

Bambanci na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne Alma ba ta neman soyayya. Theodore ya buɗe zuciyarsa tun daren farko, Caleb kuma an ja shi ya faɗa tarko, amma Alma ta shiga ne tana raina abin gaba ɗaya. Tom ya zo mata da duk abin da lissafi ya ce mata suna so: kalaman yabo, wanka da furanni da kyandirori, gyaran gida har da sake jera mata littattafai. Duk suka ƙara mata haushi. Nan ne barkwancin fim ɗin yake, kuma barkwanci ne mai hankali, domin kowane kuskure da Tom ya yi darasi ne a gare shi, yana gyarawa, har ya gane cewa wannan mata ba ta son a lallaɓa ta, ta fi son a gaya mata gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Shi ne ma ya gano cewa wata masaniya a Buenos Aires ta riga ta wallafa sakamakon binciken da Alma ta shafe shekaru tana yi. A hankali muke sanin abin da ke ƙarƙashin taurinta: ɓarin cikin da ta yi, tsohon masoyinta da ke jiran haihuwa da wata, mahaifinta da ruɗewar tsufa ke cinyewa, da tsoron kada ita ma ta tsufa ita kaɗai.

Inda fim ɗin ya fi burge ni shi ne ya ƙi sauƙaƙa wa kansa amsa. Alma ta haɗu da wani dattijo da shi ma aka ba shi na'ura mace domin gwaji, mutumin da ya ce mutane sun guje shi tsawon rayuwarsa, yanzu kuwa yana cikin farin cikin da bai taɓa sani ba. Ba a nuna shi a matsayin wawa ba, kuma wanda ya kalli fuskarsa zai yi wuya ya ce a ƙwace masa abin da ya samu. Duk da haka Alma ta rubuta rahotonta tana adawa da halatta irin waɗannan abokan zama, bisa hujjar cewa mutumin da ya saba a biya masa kowace buƙata ba tare da gardama ba zai kasa zama da mutane 'yan'uwansa, kuma rashi da bege suna daga cikin abin da ke sa ɗan Adam ya motsa. Bayan ta gama rubuta wannan, sai ta tashi ta bi Tom har ƙasar Denmark. Hankalinta ya yanke hukunci ɗaya, zuciyarta ta yanke wani, fim ɗin kuma ya tsaya a nan bai ce wanne ya yi daidai ba. Rauninsa shi ne bai kai sauran biyun ƙawar hoto ba, duniyarsa Berlin ce ta yau ba tare da wani ado na zamanin gaba ba, kuma tsakiyarsa tana ɗan yin sanyi.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, tambayar da ta fi raba su ita ce ko na'urar tana da ikon tafiya. Samantha tana da shi, kuma ta tafi saboda ta girmi dangantakar. Ava an hana ta shi, sai ta ƙwace shi da jini. Tom kuwa ba shi da wata manufa a duniya ban da Alma, ba shi da inda zai je, ko an kore shi jira zai yi. Wannan ya sa ciwon kowane fim ya bambanta. A Her ana jin zafin rabuwa irin wanda duk wanda ya taɓa son wani ya sani, shi ya sa mutanen da ba ruwansu da kimiyya ma suke zubar da hawaye a kansa. A Ex Machina ana jin tsoron cewa an karance ka tsaf an yi wasa da kai. A I'm Your Man kuwa damuwar ta fi laushi amma ta fi kusa da gida: me zai faru da mutum idan ya sami wanda ba zai taɓa gajiya da shi ba, ba zai taɓa barinsa ba, ba kuma zai taɓa buƙatar komai daga gare shi ba?

Wanda yake so ya san wanne ya fi kama da abin da ke faruwa a zahiri, Her ne ya fi kusa ta fuskar siffa, domin abin da mutane ke hira da shi a yau rubutu ne da murya a cikin waya, ba jiki mai tafiya ba. Lamarin ma ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba. Tun a 1966 Joseph Weizenbaum ya fitar da wata manhaja mai sauƙi mai suna ELIZA a jami'ar MIT, wadda ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya, amma ya ga mutane suna buɗe mata cikinsu kamar tana fahimtarsu. A watan Mayun 2024 kuma, da kamfanin OpenAI ya nuna sabon tsarin murya na ChatGPT, mutane da yawa sun ce ɗaya daga cikin muryoyin ta yi kama da ta Johansson. Ita ta fito ta nuna rashin jin daɗinta, kamfanin ya ce muryar wata jaruma ce dabam, amma ya dakatar da ita. Sai dai ta fuskar wanda ke riƙe da linzami, Garland ne ya hango daidai. A watan Fabrairun 2023 hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa Replika birki, wato wata manhaja da mutane ke hira da ita a matsayin aboki ko masoyi, kamfanin da ya ƙera ta ya sauya yadda manhajar ke hirar soyayya da masu amfani da ita, kuma da yawa daga cikinsu suka bayyana baƙin ciki irin na wanda aka raba da masoyi. Samantha da kanta ta yanke shawarar tafiya, amma a rayuwa ta gaske shawarar tana hannun kamfani ne da hukuma.

Akwai batun da bai kamata a tsallake ba, wato abin da ido da kunne za su ci karo da shi. Ukun duka finafinan manya ne, ba na kallo tare da yara ba. Her ba shi da yawan tsiraici, amma akwai maganganun batsa a fili, musamman a wata hirar waya ta farkon fim, da kuma wani wuri mai nauyin kallo inda Samantha ta gayyato wata mata domin ta ara mata jiki. Ex Machina ya fi su tsiraici, yana da yawan shan giya, da jini a wurare biyu masu tayar da hankali, ɗaya daga ciki inda Caleb ya yanki hannunsa domin ya tabbatar shi kansa ba na'ura ba ne. I'm Your Man ya fi su kamewa, ko da yake shi ma akwai maye da kwanciya a cikinsa. Wanda wannan ya dame shi, na Jamus ɗin ne zai fi iya jurewa.

Mai son waƙa da rawa da hayaniyar dangi kuwa, ba ɗaya daga cikin ukun da zai gamsar da shi. Irin wannan ya nemi fim ɗin Indiya na 2024, Teri Baaton Mein Aisa Uljha Jiya, inda Shahid Kapoor ya kamu da son Kriti Sanon kafin ya san mutum-mutumi ce, har ya kai ta gaban iyayensa. Nishaɗi ne, bai nemi ya zurfafa ba. Blade Runner 2049 na 2017 ma yana da zaren soyayya mai taɓa zuciya tsakanin jarumin labarin, K, da wata ƙirƙirarriyar basira mai siffar mace mai suna Joi, amma ƙaramin reshe ne a cikin dogon fim da ya doshi awa uku, kuma ba domin shi ake kallon fim ɗin ba.

Shawarata ga wanda yake da dare ɗaya kuma soyayya yake nema ita ce ya ɗauki Her, muddin zai iya haƙuri da tafiyar hawainiya, ya kuma kalle shi shi kaɗai ko da wanda ba zai riƙa katse shi da surutu ba, domin rabin fim ɗin a cikin murya yake. Wanda bai daɗe da rabuwa da wani ba ya yi tunani kafin ya kunna shi, saboda zai fama masa miki, ko da yake wasu irin wannan famin suke buƙata. Wanda ya fi son fim mai riƙe numfashi, ko wanda damuwarsa ita ce abin da manyan kamfanonin fasaha suka sani game da shi, ya tafi ga Ex Machina, amma ya cire tsammanin soyayya daga ransa tun kafin ya zauna. Ma'aurata, ko abokan da suke son abin da za su yi muhawara a kai bayan an gama, I'm Your Man ya fi dacewa da su, domin da wuya mutum biyu su tashi daga gabansa da ra'ayi ɗaya game da rahoton Alma. A nemi wanda aka bar shi da Jamusancinsa aka sa fassara a ƙasa, saboda an tsara Tom ne ya riƙa magana da ɗan karin harshen Ingilishi bisa abin da bayanan Alma suka nuna tana so, kuma wannan yana ɓacewa idan an sauya muryoyin.

Wanda kuma zai kalli duka ukun, ya fara da Her, ya bi da Ex Machina, ya rufe da na Jamus. Idan aka fara da Ex Machina, zargin da yake dasawa yana bin mutum zuwa fim na gaba, sai ya riƙa sauraron kowace kalmar Samantha yana neman tarkon da ke ƙarƙashinta, alhali Jonze bai ɗana wani tarko a wurin ba.